Yadda ake shan gaban haɗari a aikin haɗa manhaja

Yawancin ayyukan manhajar da na ga sun watse a garin nan, ba rashin iya rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ne ya watsa su ba. Yaran Kaduna sun iya aiki. Akwai 'yan Kadpoly, akwai 'yan KASU da na ABU Zariya, akwai kuma waɗanda YouTube ne malaminsu, wasunsu ma sun fi masu takardar hannu. Abin da ke cin aiki shi ne abin da kowa ya hango tun farko amma ba wanda ya furta: mai aikin bai gama sanin abin da yake so ba, an yi ciniki da naira alhali kuɗin saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta a intanet, da dala ake biya, mutum ɗaya tak ya san kan manhajar kuma ga shi yana neman biza.

Ina jagorantar wata 'yar ƙaramar tawaga, muna yi wa makarantu masu zaman kansu da shagunan magani da ƙungiyoyin gama kai manhaja. Abin da zan bayyana shi ne yadda muke yi, daga kafin a sa hannu a kwangila har ranar miƙa aiki.

Zaman faɗin abin tsoro

Kafin a karɓi ko sisi, ka tara duk wanda zai taɓa aikin. Ka ce musu: a ɗauka wata shida sun wuce, aikin ya rushe, Alhaji ya kira yana neman kuɗinsa, to me ya jawo? Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Gary Klein, shi ya yaɗa wannan dabarar a 2007, kuma tana aiki domin mutum ya fi sakin baki idan aka ce abin ya riga ya faru.

Amma a nan sai ka ƙara mata abu biyu. Na farko, kowa ya rubuta nasa a takarda tukuna, kada a fara da baki. Yaro ɗan bautar ƙasa ba zai ce wa Oga lokacin da ya ɗiba ya yi kaɗan ba, kunya ba za ta bar shi ba, amma zai rubuta. Na biyu, ka shirya wa mai cewa, "Haba Malam, kada ka yi mana mugun baki tun ba a fara ba." Ana samunsa a kowace tawaga. Amsata ɗaya ce kullum: ba fata muke yi ba, lissafi muke yi.

Abin da aka tattara sai a zuba shi a jadawali guda. Excel ya isa, kada ka ɓata kuɗi kan wata manhajar musamman. Kowane haɗari layi ɗaya: mene ne shi, yaya yiwuwarsa, nawa zai ci in ya auku, wace alama ce za ta nuna ya matso, me za a yi, wa zai yi. Barry Boehm, wanda ya fito da tsarin gina manhaja zagaye-zagaye a 1986, ya bar mana lissafi mai sauƙi na jera su: ka ninka yiwuwar abu da asarar da zai jawo. A ce akwai kashi 30 cikin 100 cewa makaranta ba za ta kawo bayanan ɗalibai a kan lokaci ba, kuma jinkirin zai ci maka albashin ma'aikata na naira 2,000,000. Nauyinsa naira 600,000 ke nan. A ce kuma akwai kashi 5 cikin 100 na wata matsala mai cin naira 4,000,000. Nauyinta 200,000 ne kacal, duk da ita ta fi ban tsoro a kunne. Alƙaluman nan kintace ne, kowa ya sani, amma suna hana a bi muryar wanda ya fi kowa ɗaga murya a taro.

Gurbin da na fi matsa wa shi ne na suna. Idan aka rubuta "tawaga za ta kula", to ba wanda zai kula. Sunan mutum ɗaya, da ranar da zai kawo bayani. Gurbin alama ma haka: "idan abin ya yi tsanani" ba alama ba ce. "Idan 15 ga wata ta yi ba su turo jerin ɗaliban aji uku ba", wannan ita ce alama.

Abin yi da kowane haɗari bai wuce huɗu ba. Ko ka kauce masa gaba ɗaya ta hanyar cire abin daga aikin, ko ka rage shi, ko ka ɗora shi a kan wani ta yarjejeniya, ko ka karɓe shi da saninka ka ware masa kuɗi da kwanaki. Mu muna ware wani kaso na kuɗin kwangila da ba a taɓawa sai wani abu daga cikin jadawalin ya auku.

Mai aiki da "ɗan ƙaramin abu"

Nan ne ƙarfin maganar yake. Kowane mai haɗa manhaja a Kaduna ya san wannan kiran, galibi bayan isha'i: "Injiniya, ɗan ƙaramin abu ne na tuna. A sa iyaye su riƙa samun saƙo ta WhatsApp duk lokacin da yaro bai zo ba." A wurinsa ƙaramin abu ne da gaske, ba wayo yake yi ba. A wurinka kuwa sai an gina ɓangaren kiran suna, an tattara lambobin iyaye, an buɗe asusun kasuwanci na WhatsApp, an kuma biya kuɗin saƙonnin.

Kada ka ce a'a, kada kuma ka ce to. Abin da nake cewa shi ne, "Ranka ya daɗe, shawara ce mai kyau. Bari in auna, gobe zan turo maka kwana nawa za ta ƙara da nawa za ta ci, sai ka zaɓa: a sa ta yanzu a ɗaga ranar, ko a bar ta zuwa zango na biyu." Washegari in tura a rubuce. Sau da yawa da ya ga farashin sai ya ce a bari tukuna. In kuma ya amince, amincewar tana nan a rubuce, ba za a yi musu ba ranar biya. Saƙon murya ba ya wadatarwa. In ya turo murya, ka mayar masa da abin da ya faɗa a rubuce ya amsa da "na yarda".

Ka kuma tabbatar tun ranar farko wa ke da ikon cewa an gama. Makaranta ɗaya za ka tarar da mai makaranta, da Hajiya, da firinsifal, da babban ɗan da ya karanta kwamfuta, kowa da tasa. A rubuta sunan mutum ɗaya a yarjejeniya. Biyan kuɗi kuma a raba shi mataki-mataki: kafin alƙalami, sai wani kaso idan an nuna ɓangaren farko yana aiki, haka har ƙarshe. Wanda ya yarda a biya shi rabi da farko, rabi ranar gamawa, ya ɗauki nauyin duk wani jinkiri, har da wanda ba nasa ba.

Sannan ka je ofis ka zauna kusa da wanda zai yi amfani da manhajar kullum. Mai makaranta ne ya ba da aikin, amma akanta ce za ta danna. Na zauna a ofishin wata akanta a wata makaranta da ke wajen Unguwar Rimi ranar komawa hutu. Layi har baranda, uba ɗaya ya zo da rasit ɗaya na banki ya ce na 'ya'yansa uku ne da ɗan ƙaninsa, kuma bai cika ba, sauran sai ƙarshen wata. Ta buɗe wani dogon littafi mai baƙin bango ta rarraba kuɗin da jan biro, ta rubuta ragowar a gefe da fensir. A takardar buƙatun da aka ba mu an rubuta cewa kowane ɗalibi zai biya kuɗinsa, shi ke nan. Ba a ambaci biya ɗaya na yara da yawa ba, balle biya kashi-kashi, balle rangwamen 'ya'yan malamai. Manhajar da ba ta iya abin da jan biron nan ke yi ba, sati biyu za a yi a koma wa littafi.

Tsofaffin bayanai ma ka nemi ganinsu da idonka kafin ka faɗi farashi. Za a ce maka "duk suna cikin kwamfuta". Ka buɗe ka ga yaro ɗaya a matsayin Muhammad, da Mohammed, da Moh'd, ranar haihuwa wani wuri wata ne a gaba, wani wuri rana. Tsabtace wannan aiki ne mai zaman kansa, a sa masa kwanaki da kuɗi, a kuma rubuta cewa makaranta ce za ta tantance sunayen.

Fara da abin da ya fi ba ka tsoro

Sabon shiga yana fara aiki da shafin shiga da launuka, domin su ne masu daɗin nunawa. Ka juya tsarin. Abin da ke saman jadawalinka, shi za ka fara ginawa a satin farko, ko da mummuna ne a ido. In manhajar za ta karɓi kuɗi ta Paystack ko Flutterwave ko Remita, ka tura naira ɗari ta gaske ta bi hanyar daga farko har ƙarshe. Ka gwada abin da zai faru in sabis ya ɗauke bayan an cire kuɗin mutum amma kafin sanarwa ta iso sabarka. Ka gwada in sanarwar ta zo sau biyu, domin takan zo. Kowace biya ta kasance da lambarta ta daban yadda ba za a ƙirga ta sau biyu ba. Kada manhajarka ta taɓa yarda da hoton alat; ta tambayi kamfanin biyan kuɗin kai tsaye. Buɗe asusun kamfani da waɗannan kamfanoni yakan buƙaci takardun rajistar CAC da na banki daga wurin mai aikin, don haka ka nema tun ranar sa hannu.

Dala, wuta da sabis

A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira a tsakiyar watan ta haura 700, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Duk wanda ya yi alkawarin riƙe saba na shekara biyu a kan tsayayyen farashin naira, daga aljihunsa ya cika. Saboda haka kuɗin saba, da na adireshin shafi, da duk abin da ake biya da dala, a ware su daga kuɗin aikinka, a rubuta cewa mai aiki ne zai biya a farashin ranar. Ka kuma tanadi hanyar biya ta biyu. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Sabar da aka kasa biya wa kuɗi, kashe ta ake yi.

Wuta kuwa kowa yana da labarinsa, amma na Oktoban 2024 ya cancanci nazari. Layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace sakamakon ɓarna, Arewa ta dogara da layin da ke biyowa ta wajen Makurdi, shi ma sai ya samu matsala. Jihohi da dama suka yi sama da mako guda a duhu. Darasin injiniya a nan shi ne, ranar da madadinka ya zama shi ne babba, ba ka da madadi kuma, dole ka nemo wani nan take. Sola da inbata a ofis, janareto a bayansu, kuɗin mai kuma ya shiga farashin aiki.

A ƙarshen Satumbar 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro, aka yi kusan wata biyu. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin waya suka shiga halin ni-'yasu. Riƙe layi biyu na kamfanoni daban yana taimakawa a ranakun yau da gobe, amma bai isa a irin waɗancan ba. Tambayar da za ka yi tun wajen zana manhajar ita ce: in babu intanet kwana uku, mai shagon magani zai iya sayarwa? In amsar a'a ce, ka gina ta yadda za ta adana ciniki a kan na'urar, ta tura in sabis ya dawo. Wannan yana ƙara wahala sosai, musamman in rassa biyu suka sayar da kwalin magani ɗaya a lissafi, don haka shawara ce ta ranar farko. Cusa ta daga baya kusan sake gini ne. Ka kuma gwada da 'yar ƙaramar wayar Android mai tsohon batir a Rigasa ko Mando, kada ka tsaya kan kwamfutarka da intanet ɗin ofis.

Mutane

Gwanin da kake ji da shi zai iya samun aikin da ake biya da dala gobe, kuma ba ka da bakin hana shi. Ɗan bautar ƙasa zai gama shekararsa. Abin da ke hannunka shi ne kada ilimin ya tafi da su. Duk kod ya zauna a Git, ma'ajiyar da ke riƙe kod da tarihin canje-canjensa, a asusun kamfani. Kowane canji wani ya karanta kafin a haɗe shi, ta haka mutum biyu suka san shi. A rubuta yadda ake tayar da manhajar daga babu, a ba sabon yaro ya bi rubutun shi kaɗai. Inda ya maƙale, nan rubutun ya gaza. Kalmomin sirri su kasance a ma'ajiya ɗaya ta kamfani. Adireshin shafi da asusun saba kuma a buɗe su da sunan mai aiki. Na karɓi ayyukan gyara inda wanda ya fara ya yi rajistar komai da imel ɗinsa ya ɓace, mai kuɗin ya koma yana roƙon abin da ya saya.

In aiki ya makara, zuciya za ta ce a ƙaro hannu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin wata babbar manhaja mai suna OS/360 a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara yana ƙara masa latti. Kamar tela ne da ya ɗauko sababbin yara ana jajibirin Sallah: lokacin da zai yi ɗinki sai ya ƙare a nuna musu inda almakashi yake da farke abin da suka ɗinka. Maganin latti shi ne rage kaya, a zaɓi abin da dole ya fita, sauran ya jira. Tun da an ambaci Sallah, ka buɗe kalanda ranar tsara lokaci. Azumi, Sallah biyu, Kirsimeti, makon jarrabawa, lokacin da Alhaji zai tafi Umara ba mai sa hannu, duk sanannu ne, bai kamata su zo wa kowa ba-zata ba.

Kwafin ajiya da ranar ɗorawa

A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa mutane kod, ya goge rumbun bayanai na ainihi yana zaton na biyu yake gogewa, kusan gigabait 300. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, aka duba aka tarar babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuma suka tafi. Saboda haka kada ka tsaya a kan "muna da kwafi". Duk wata ka ɗauko kwafin ka dawo da shi a kan wata na'ura dabam, ka buɗe ka ga sunayen ɗalibai da kuɗinsu. Kwafi ɗaya kuma ya kasance nesa da sabar.

Ɗora sabon kod a kan saba a bar wa na'ura ta yi shi, ta hanya ɗaya kullum. Knight Capital, wani kamfanin cinikin hannun jari na Amurka, sun yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45 a ranar 1 ga Agustan 2012, domin an sa sabon kod a saba bakwai an manta ta takwas, wani tsohon kod da ke kwance ya farka ya shiga saye da sayarwa. A 19 ga Yulin 2024 kuma sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, domin ta tafi wa kowa a lokaci guda. Kai da ke da makarantu biyar, fara da ɗaya, ka jira kwana biyu. Ka san yadda za ka koma tsohon kod kafin ka ɗora sabo. Mu ba ma ɗorawa ranar Juma'a, ba ma ɗorawa ana gobe fitar da sakamako.

Kod ɗin aro, wato wanda wasu suka rubuta ka ɗauko ka sa a naka, shi ma a sa masa ido. A Maris 2016 wani ya janye ɗan kod mai layi 11 da ake kira left-pad daga npm, rumbun da masu haɗa manhaja ke aro kod, ayyuka masu ɗimbin yawa suka kasa haɗuwa. A Disambar 2021 aka gano ɓarakar tsaro a wani kod na aro mai suna Log4j, kamfanoni da yawa ba su ma san suna amfani da shi ba. Ka ajiye jerin duk abin da ka aro, ka kafe lambar sigar kowanne.

Bayanan yara da na marasa lafiya kuma yanzu akwai doka a kansu. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, cikin awa 72 in an samu kutsen da zai iya cutar da mutane. Kada ka karɓi bayanin da ba ka buƙata, kada ka yi gwaji da bayanan gaske, a kuma rubuta a yarjejeniya wa zai sanar da wa.

Duk Litinin

Jadawalin da aka rubuta aka ajiye ba shi da amfani. Duk Litinin da safe muna ba shi minti goma sha biyar: biyar na sama kawai, me ya canja, wace alama ta bayyana, me ya wuce a goge shi, me ya shigo sabo. In alama ta bayyana, a ranar ake kiran mai aiki. Mutanenmu suna da nauyin bakin kai mummunan labari, sai a yi ta "in sha Allahu mun kusa" har ranar ta zo. Ni nakan kira in ce, "Ranka ya daɗe, jerin ɗaliban da muka yi da ku ranar 15 bai iso ba. In ya zo kafin Alhamis, ranarmu tana nan. In ya wuce, ko dai mu ɗaga da mako biyu, ko mu buɗe da 'yan sakandare kawai, firamare su biyo baya. Wanne ka fi so?" In ya zaɓa, sai in tura masa zaɓin a rubuce, in gyara layin a jadawali, in sa sabuwar rana da sunan wanda zai bibiya.